Koyon Kutsen Kwamfuta: Sallama Ce Ta Raba Baƙo Da Ɓarawo



A duk lokacin da aka ambaci kalmar kutse, ko dandatsa kamar yadda wasu marubutanmu ke kiran abin, ba abin da ke faɗo wa mutanenmu a rai sai ɓarawon zaune, wato yaron nan da zai kulle kansa a ɗaki da kwamfuta, gari ya waye a ji asusun wani bawan Allah ya koma wayam. Saboda haka idan matashi ya tunkari mahaifinsa ya ce yana son koyon kutse, ba mamaki a yi masa kallon wanda ya nemi a sa shi makarantar koyon yankan aljihu. Ban ga laifin iyaye ba a kan wannan tsoro, domin kuwa sun ga abin da suka gani. To amma ni ra'ayina ya sha bamban da nasu, kuma shi nake son in baje a nan, mai karatu ya auna da kansa.

Ra'ayin nawa shi ne, ilimin kutse ilimin gadi ne. Al'ummar da kuɗinta, da takardunta, da sirrin marasa lafiyarta suka koma cikin waya da kwamfuta, ba ta da zaɓi illa ta samu 'ya'yanta da suka san wannan ilimi ciki da waje. Sai dai akwai sharaɗi guda, wanda shi ne ginshiƙin wannan rubutu: kafin a koya wa yaro yadda ake buɗe ƙofa, a fara koya masa sallama. Bahaushe ya sani sarai cewa baƙo da ɓarawo suna iya shiga gida ta ƙofa ɗaya. Abin da ya raba su shi ne, baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama har sai da aka ce masa bismillah.

Tsohuwar gardama ce

Wannan muhawara ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1851 an yi wani gagarumin bajekoli a birnin Landan, inda wani masanin makullai ɗan Amurka mai suna Alfred Charles Hobbs ya halarta. A wancan zamani Ingilawa suna tinƙaho da makullan kamfanonin Chubb da Bramah, suna ganin ba mahaluƙin da zai iya buɗe su ba tare da ɗan mabuɗi ba. Har ma kamfanin Bramah ya ajiye wani kwaɗo a tagar shagonsa shekara da shekaru, da alkawarin gini 200, kuɗin Ingila na lokacin, ga duk wanda ya buɗe shi. Hobbs ya buɗe na Chubb a gaban shaidu cikin abin da bai kai rabin awa ba. Na Bramah kuwa ya ba shi wuya, sai da ya shafe awa 51 a cikin kwana 16, amma ya buɗe, aka kuma biya shi ladansa.

Nan fa gari ya ɗauka. Wasu suka ce ai wannan mutum ya nuna wa ɓarayi hanya. Wasu kuma suka ce ɓarayi ba su jira Hobbs ba, sana'arsu ce, sun daɗe suna nazarin makullai, mai gida ne kaɗai yake barci da munshari bisa zaton ƙofarsa a rufe take. Abin da ya biyo baya shi ne masu ƙera makullai sun koma sun inganta aikinsu. Kuma mai karatu ya lura da abu ɗaya: Hobbs bai je shagon Bramah da tsakar dare ba. Ya yi aikinsa ne da yardar masu kwaɗon, bisa sharuɗɗan da aka amince da su, a ƙarƙashin idon waɗanda aka naɗa su yi alƙalanci.

Abin da sakaci ke jawowa

Mu dawo zamaninmu. Ranar Juma'a 12 ga watan Mayun 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a duniya kamar wutar daji. Aikinta shi ne ta kulle duk bayanan da ke cikin kwamfuta, ta ce sai an biya kuɗin fansa dala 300, tamkar dai masu garkuwa da mutane. Cikin 'yan kwanaki ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. A Ingila ta faɗa wa hukumar kiwon lafiya ta NHS, inda ta taɓa kimanin kashi ɗaya cikin uku na rukunonin asibitocin ƙasar. An soke ganin likita da tiyata kusan 19,000, an karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin, likitoci suka koma biro da takarda. Daga baya gwamnatin ƙasar ta ƙiyasta asarar da fam miliyan 92.

Ta ina manhajar ta shiga? Ta wata ɓaraka da ke cikin babbar manhajar Windows, a sashen da kwamfutoci ke bi suna musayar fayil a tsakaninsu. Abin takaicin shi ne, kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun ranar 14 ga watan Maris na shekarar, wato kusan wata biyu kafin harin. Duk kwamfutar da aka liƙa wa facin ta tsira. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to wannan bango ya tsage, an kawo siminti har ƙofar gida, amma ba a yaɓa ba.

Mukan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A harkar kwamfuta kam wannan karin magana ba ta cika aiki ba. Babban asibiti ko banki na iya mallakar dubban kwamfutoci, wasu an manta da su a wani lungu suna ɗauke da tsohuwar manhaja, wasu kuma har yau kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ce a kansu. Mai ɗakin bai san inda ke yoyo ba sai ranar da aka tafka ruwa. Shi ya sa ake hayar wanda zai hau rufin da bokiti tun da rani, ya kwara ruwa a ga inda zai zubo. Wannan shi ne gwajin kutse.

Mene ne ainihin aikin?

Da yawa suna zaton aikin irin na fim ne, mutum ya yi ta buga allon rubutu cikin duhu, can sai ya ce na shiga. Ba haka abin yake ba. Matakin farko takarda ce, yarjejeniya a rubuce tsakanin mai gwaji da mai kaya, wadda za ta fayyace waɗanne kwamfutoci aka yarda a taɓa, waɗanne ne ba a yarda ba, daga wace rana zuwa wace rana, kuma wa za a kira idan wani abu ya lalace. Sai mataki na biyu, tattara bayanan da ke a fili game da ma'aikatar. Na uku shi ne ƙwanƙwasa ƙofofi. Kowace kwamfuta da ke kan hanyar sadarwa tana da kafofin shiga da fita har 65,535, kuma akwai manhaja irin su Nmap, wadda Gordon Lyon ya fitar a 1997, da ke bi tana duba wacce ce a buɗe, kuma me ke bayanta.

Mataki na huɗu ne ake gwada shiga. Bari in ba da misali guda. Shafin intanet yakan ba ka akwatin da za ka rubuta sunanka, shi kuma ya miƙa abin da ka rubuta ga rumbun bayanai. Idan wanda ya gina shafin bai yi hattara ba, mai wayo na iya rubuta umarni a madadin suna, rumbun kuma ya ɗauka daga maigidansa ne, ya kwaso sunayen jama'a da lambobinsu ya zube masa. Kamar dai a ba ɗan aike takarda a ce ya kai wa ma'aji, wani ya tare shi a hanya ya ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa a ba mai wannan takarda mabuɗin sito. Mai gwaji zai nuna cewa hakan na yiwuwa, ya ɗauki shaida daidai gwargwado, ya tsaya a nan. Ba ya kwasar kaya, ba ya leƙa abin da ba a sa shi ba.

Mataki na ƙarshe, wanda shi ne ake biyan kuɗi dominsa, shi ne rahoto: ga ɓarakar da na gani, ga yadda na bi, ga girman haɗarinta, ga yadda za a toshe. Wanda ya iya shiga amma bai iya rubuta bayanin da shugaban ma'aikata zai fahimta ba, bai gama koyon sana'ar ba. Turawa suna kiran masu wannan aiki masu farar malafa, ɓarayin kuma masu baƙar malafa. Da gangan na ce malafa, don farar hula a wajenmu wani abu ne daban.

Gwamnatoci da manyan kamfanoni sun daɗe da gane amfanin waɗannan mutane. Tun a 1995 kamfanin Netscape ya fara ba da tukuici ga duk wanda ya gano masa kuskure a manhajarsa. A 2016 kuwa ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta gayyaci jama'a su gwada kutsawa cikin wasu shafukanta na intanet. Mutum 1,410 suka yi rajista, aka tabbatar da ɓaraka 138, aka raba tukuicin kimanin dala 75,000. Idan har Pentagon da duk sojojinta ta ga tana bukatar a ƙwanƙwasa mata ƙofa, ina ga ƙaramin bankin unguwa?

Kyakkyawar niyya ba ta isa ba

Yanzu mu zo kan sharaɗin nan. Wanda ya taka wa WannaCry birki wani saurayi ne ɗan Ingila mai shekara 22, Marcus Hutchins, wanda ke aikin binciken miyagun manhajoji daga ɗakinsa a gidan iyayensa. Da yake nazarin manhajar, sai ya lura tana ƙoƙarin tuntuɓar wani dogon adireshin intanet mara ma'ana wanda ba kowa ya yi rajistarsa ba. Ya yi rajistarsa da kuɗin da bai kai dala 11 ba, don ya bi sawunta. Ashe an gina ta ne a kan cewa muddin ta sami adireshin a raye, to ta dakata. Haka yaɗuwar ta lafa a ranar, duniya ta yi ta jinjina masa.

Ba a cika wata uku ba, a farkon Agustan 2017, jami'an FBI suka cafke shi a filin jirgin saman Las Vegas yana shirin komawa gida. Laifin ba na WannaCry ba ne. Shekaru kafin nan, yana cikin ƙuruciya, ya taimaka wajen rubuta manhajar satar bayanan banki mai suna Kronos, wadda aka riƙa sayarwa ga 'yan damfara. A watan Afrilun 2019 ya amsa laifinsa, a watan Yuli kuma alƙali ya yi masa sassauci saboda alherin da ya yi daga baya, bai tura shi kurkuku ba, ya sa shi ƙarƙashin sa ido na shekara ɗaya. Amma ya shafe kusan shekara biyu shari'a na rataye a wuyansa a ƙasar da ba tasa ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ilimin da ya ceci asibitoci shi ne dai ilimin da ya kai shi gaban alƙali, kuma duk matashin da ke cewa bari in ɗan taɓa yanzu, in na girma na tuba, ya dubi wannan labari da kyau. Kwamfuta ba ta mantuwa.

Labari na biyu ya fi ban mamaki. A shekarar 2019, hukumar kula da kotunan jihar Iowa ta Amurka ta yi hayar kamfanin Coalfire don ya gwada tsaron gine-ginenta da kwamfutocinta. A watan Satumba ma'aikatan kamfanin biyu suka shiga wani ginin kotu a garin Adel da daddare, ƙararrawa ta kaɗa, 'yan sanda suka zo, suka nuna takardar izininsu. Sai shugaban 'yan sandan gundumar ya ce ai ginin na gunduma ne, hukumar jiha ba ta da hurumin ba da izini a kansa. Aka kai su ɗakin tsaro suka kwana, aka tuhume su da fasa gini, ba a janye tuhumar ba sai a watan Janairun 2020. To jama'a, waɗannan fa suna da takarda a aljihu. Darasin shi ne, sallama ma sai an yi wa ainihin mai gida. Idan ɗan haya ne ya ce ka shigo ɗakin da ba nasa ba, kana iya kwana a hannun hukuma.

Shi ya sa nake takaici idan na ji matasa suna cewa, ai ni na shiga shafin makarantarmu ne kawai don in nuna musu akwai matsala. Wa ya aike ka? A Najeriya akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, Nijar ma ta yi tata a 2019, kuma duk sun tanadi ɗauri da tara a kan laifukan kutse. Alƙali ba ya ganin abin da ke cikin zuciyarka, takarda yake gani.

Masu cewa ana horar da ɓarayi ne

Ba zan yi watsi da hujjar masu adawa ba, domin tana da nauyi. Suna cewa a ƙasar da matasa suka yi karatu ba aikin yi, ga kuma 'yan damfarar intanet suna yawo da manyan motoci ana yi musu kirari a wajen biki, idan ka koya wa yara ɗari wannan ilimi, nawa ne za su tsaya a kan gaskiya? Tambaya ce mai kyau, kuma duk malamin da ya ce ba ko ɗaya da zai kauce, yaudarar kansa yake yi.

Amma mu duba ɗaya ɓangaren. Kayan aikin nan ba a ɓoye suke ba. Manhajar Metasploit tana nan kyauta tun 2003, babbar manhajar Kali Linux, wadda ta tattara ɗaruruwan kayan gwaji wuri guda, tana nan tun 2013, kowa na iya saukewa. Yaron da ya yi niyyar sata ba ya jiran a buɗe masa aji, akwai miyagun da za su koya masa a ɓoye, su kuma ba za su taɓa ambata masa doka ko amana ba. Idan muka rufe ƙofar koyo ta fili, wanda muka hana shi ne yaron kirki mai jin maganar iyayensa, wato ainihin wanda muke so ya zama mai gadi. Sakamakon shi ne gari cike da ɓarayi masu ilimi da masu gadi marasa ilimi. Ba a hana koyon ƙira don wani ya yi ta'asa da wuƙa, ba a kuma rufe makarantar haɗa magunguna don masu karatunta sun san guba. Abin da ake yi shi ne a haɗa ilimin da tarbiyya, da rajista, da hukunci ga wanda ya ci amana.

Ga mai son koyo

Shawarata ga ƙannena maza da mata ita ce, kada a fara da kayan kutse. A fara da tushe: yadda kwamfutoci ke magana da juna, yadda ake sarrafa Linux, da ɗan abin da ya sauƙaƙa na rubuta manhaja, musamman da yaren Python. Wanda ya tsallake wannan ya tafi danna maɓallin kayan da wasu suka haɗa, kamar mai haddar karatu ne ba fassara. Bayan haka a gina ɗakin gwaji a cikin kwamfutar kai. Da manhajar VirtualBox mutum na iya kafa wasu kwamfutoci na gwaji a cikin tasa, ya ɗora musu manhajojin da aka gina da ɓaraka da gangan don ɗalibai, irin su Metasploitable da DVWA, ya yi ta fasawa yana gyarawa ba wanda zai ce masa don me. Akwai kuma dandalolin da aka buɗe musamman don atisaye bisa izini, kamar TryHackMe, da Hack The Box, da picoCTF na jami'ar Carnegie Mellon. Ƙungiyar OWASP ma tana fitar da jerin manyan haɗurra goma da suka fi addabar shafukan intanet, kuma karanta shi kyauta ne.

Mai neman takardar shaida zai ji sunaye irin su CEH da OSCP. Ita ta biyun jarrabawarta a aikace ce, a ba ka kusan awa 24 ka kutsa cikin kwamfutocin da aka tanada, sannan a ba ka wani lokacin ka rubuta rahoto. Suna da tsada ga talaka, gaskiya ne, amma ba da su ake farawa ba. A gida kuma jami'o'i irin su Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna suna ba da digiri a fannin tsaron kwamfuta. Duk hanyar da aka bi, doka ɗaya ce ba ta canzawa: wayar abokinka, da intanet ɗin maƙwabcinka, da shafin makarantarku, ba wurin atisaye ba ne.

Sauran aiki na masu gida ne

Ba zan rufe ba sai na juya kan shugabannin ma'aikatu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bayan harin WannaCry, ofishin babban mai binciken kuɗi na Birtaniya ya bayyana cewa kafin harin an riga an duba tsaron 88 daga cikin rukunonin asibitoci 236, kuma ba ko ɗaya da ya ci jarrabawar. Wato an yi gwaji, an ga tsagar, gyara ne bai zo a kan lokaci ba. Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idoji a 2018 da suka wajabta wa bankuna yin gwajin kutse lokaci zuwa lokaci, kuma hakan daidai ne. Amma rahoton da aka karɓa aka jefa a durowa don kawai a nuna wa masu sa ido, bai tsare kuɗin kowa ba.

Haka kuma ya kamata kowace ma'aikata da ke riƙe da bayanan jama'a ta buɗe ƙofar sallama, wato ta sanar a fili cewa ga inda za a kawo mana rahoto idan an ga ɓaraka, ga abin da muka yarda a gwada, kuma ba za mu kai ƙarar wanda ya bi waɗannan ƙa'idoji ba. Muna ta cewa matasa su yi sallama, to a samu wanda zai amsa musu mana. Matashin da ya ga cewa gaskiya na kawo tukuici da aikin yi da mutunci, zai yi wuya wani ya ja shi da romon baka zuwa ɗaya hanyar.

Ga iyaye kuma, idan ɗanku ko 'yarku ta ce wannan fanni take so, kada ku kore ta, kada kuma ku sake mata gaba ɗaya. Ku tambaya: wa ke koya miki, a kan kwamfutar wa kike gwadawa, kuma wa ya ba ki izini? Idan amsoshin nan uku sun fito fes, ku sa albarka, domin wata rana ita ce za ta tsare ɗan abin da kuka tara na fansho. Idan kuwa aka fara kame-kame, to ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.